Madalla da Kek Mai Hawa Uku

Duk wanda ya ce ƙasar Bebeji ba ta ci gaba ba, to bai shiga gidajenmu ranar da yaro ya cika shekara ba. Da can sai mutum ya hau mota ya je birnin Kano, unguwannin masu hannu da shuni, kafin ya ga ana yi wa jariri biki da kek da kiɗa. Yanzu kuwa abin ya biyo titin Zariya ya iso mana har tsakar gida, ya karya ta Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, bai tsaya ba sai Doguwa. Ruwan famfo bai iso unguwanni da yawa ba tukuna, wutar lantarki sai ta ga dama take leƙowa, amma bazday ya iso, kuma ya zauna daram. Madalla da iyayen zamani. Kun fitar da mu kunya, Allah ya ƙara buɗi.

A fara da kek ɗin kansa, don shi ne angon taron. Ba irin ɗan kek ɗin gwangwani da 'yan mata ke talla a faranti ba, wannan ai raini ne. Mai hawa uku ake so, a lulluɓe shi da sukari fari da shuɗi, a kafa masa ɗan mutum-mutumin katun a ka, a rubuta sunan yaro da Turanci. Tun saura mako biyu za a tura wa mai yin kek hoton wanda aka gani a Instagram, a tura mata rabin kuɗi ta waya. Ranar biki ƙanin maigida zai bar aikinsa ya tafi birni ɗauko shi. Ya biya kuɗin mutum biyu a gaban mota, ya rungume kwali a cinya, duk ramin da direba ya faɗa sai ya yi salati. Ga zafin bazara, man da aka shafe kek ɗin da shi ya fara naso, gida kuma babu firij, in ma akwai babu wuta. Sai a tayar da janareto, a zuba masa fetur ɗin nan da tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafi kowa ke saye da rabin lita, don fanka ta riƙa yi wa kek fifita har la'asar. A ɗakin nan mai bazday ɗin ya kwana jiya yana kukan ƙurajen zafi, ba wanda ya tayar masa da inji. Daidai ne. Yaro ɗan gida ne, ya saba, kek kuwa baƙo ne.

Shi mai bikin wata goma sha biyu gare shi a duniya, haƙora huɗu a baki. An cusa shi cikin kwat da takalmi sau-ciki, an ɗaura masa hular takarda mai roba a haɓa. Sifika tana dukan kunnensa, baƙin fuskoki sun zagaye shi, an danƙa masa wuƙa a hannu uwa ta riƙe ta sama. Mai hoto yana kaɗa masa makullai: "Yaro, kalli nan! Hajiya, a ɗan sa shi ya yi dariya mana." Shi kuwa nono yake nema, amma rigar da tela ya yi wa uwarsa don wannan rana ba ta buɗuwa ta gaba, kuma kada ya goge mata kwalliya. Haka zai yi ta kuka har barci ya ɗauke shi a bayan wata 'yar maƙwabta, can bakin murhu, taro kuma ya ci gaba lafiya lau ba tare da shi ba.

Masu ƙorafi suna cewa wai yaron ba zai tuna komai ba. To sai me? Da don ya tuna aka yi? Ƙawayen uwarsa za su tuna. Dangin uba za su tuna. Kishiya za ta tuna, ita ce ma kan gaba wajen tunawa. Hoton zai yi awa 24 cur a sitatus ɗin WhatsApp, ana leƙawa ana ƙirga waɗanda suka gani suka yi shiru. Wane alheri iyaye za su yi wa ɗansu da ya wuce wannan?

Abin tausayi su ne iyayenmu da kakanninmu da suka yi rayuwarsu cikin duhun kai. Tambayi Inna yaushe aka haife ta, sai ta ce, "Ɗan nan, an ce ina goye aka koma tuƙi ta hannun dama." Wato 1972. Wani ya ce shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973 ke nan. Wani kuma ya ce da wayonsa Audu Bako ya tare kogi a Tiga, aka gama madatsar a 1974. Ba rana, ba wata, balle kyandir. Da haka suka yi noma, suka aurar da 'ya'ya, suka sauke su Alƙur'ani, wasunsu har Makka suka je da kuɗin gyaɗa da auduga. Amma ina amfanin duk wannan tunda ba wanda ya taɓa hura musu balan-balan?

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhassan Ɗantata. A nan Bebeji aka haife shi, a 1877, cikin Agalawa 'yan fatauci. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya yi karatun allo a garin nan, tarihinsa kuma ya nuna tun yana yaro ɗan abin da ya samu asusu yake jefawa. Ya bi hanyar Gwanja fataucin goro, ya kai har Ankara, ya dawo ya shiga sayen gyaɗa. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma ashirin ya kora masa ɗauke da kuɗin azurfa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, kuma an san shi da tsimi da ƙin ɓarna. Ku dubi irin asarar da bawan Allahn nan ya yi! Da ya samu iyaye wayayyu irin na yau, da an fasa asusun nan tun yana ɗan shekara bakwai an yi masa kek da shi. Mu jikokin garinsa mun gyara kuskuren: shi ya tara daga babu, mu kuma muna watsarwa daga babu. Sukarin da muke lulluɓe kek da shi ma, sau da yawa na kamfanin tattaɓa-kunnensa ne, Aliko Ɗangote. Ashe har yanzu masu tarawa suna tarawa, mu kuma muna taimaka musu da zuciya ɗaya.

Sai fulawa. Ruwan Tiga da ke kwance a ƙasarmu shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda ake noman shinkafa da tumatir da alkama. Amma alkamar da ake niƙa fulawar ƙasar nan, mafi yawanta a jirgin ruwa take zuwa daga ƙetare, da dala ake biyanta. Al'adar kek da kyandir ta yara ma masu bin diddigi daga Jamus suke ɗauko ta, tun ƙarni na 18, inda alkamar tasu ce, madarar tasu, man shanun nasu. Mu da muke da shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa da kifin Tiga, ai abin kunya ne a ce da waina da miyar taushe muka yi murnar ɗanmu. Wa zai ɗauki hoton waina? Gara manomi ya sayar da buhun da ya noma da guminsa ya sayo abin da aka noma a wata nahiya, a yanka shi ƙanana-ƙanana a takarda, kowa ya lasa ya ce zaƙi ya yi yawa.

Maganar kuɗi kuwa, nan ne jaruntar iyayen zamani ta fi fitowa. A 2024 gwamnatin Kano ta sa mafi ƙarancin albashi naira 71,000, a shekarar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Kek mai hawa uku da kwalliyar wuri da mai kiɗa da mai hoto da anko da lemon kwalba da ledar rabo, in aka haɗa, albashin wata guda ba ya ɗauka. Rago ne zai ja da baya. Jaruma kuwa tun dare za ta soma:

"Maigida, saura mako uku fa yaron nan ya cika shekara."

"Allah ya raya mana shi."

"Amin. To shi ke nan? Ba ka ga abin da aka yi wa ɗan ƙawata ba? So kake a ce ɗanka bai da gata?"

Kalmar gata ita ce ke karya shi. Da safe zai je wurin mai sayen hatsi ya ce, "Alhaji, a taimaka mini, in kaka ta yi in kawo buhu." Ya karɓi kuɗin buhu a farashin da Alhaji ya ga dama. Ita kuma ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar wannan wata, ta ɗaga 'yar akuyar da aka saya wa yaron da kuɗin barka. Kuɗin taki ya tafi, jarin ƙuli-ƙuli ya tafi. In damina ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, maigida zai koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, a kwano-kwano, da tsada. Wanda bai yaba wa irin wannan sadaukarwa ba, hassada ce ke cinsa.

A wurin taron kuma sai an yi liƙi, sababbin kuɗi a goshin jariri, ana takawa ana rawa. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ga mai yin haka, amma kada wannan ya tayar muku da hankali. Wanda ya ci bashi don ya watsa a ƙasa, doka ce za ta ba shi tsoro?

Ku leƙa ƙofar gida ku ga tarbiyyar da ake bayarwa kyauta. Almajirai sun jeru da robobinsu, 'ya'yan maƙwabta da ba su da anko sun maƙale a jikin katanga, an sa wani saurayi da tsumagiya yana korarsu don kada su ɓata hoto. A ranar suna ta tsohon yayi, ragon da aka yanka sai ya zaga unguwa, gidan gwauruwa da gidan malam da na maƙwabcin da ake gaba da shi duk a kai musu, mai jego ta ci kauri ta sha kunun kanwa ta samu ƙarfin shayarwa. Wannan ƙauyanci ne, abinci yana zuwa wurin masu yunwa. Sabon tsari ya fi tsafta: ƙosassu su ci, sauran su kalla. Yarinya 'yar shekara biyar za ta koma gida ta ce, "Umma, ni yaushe za a yi min nawa?" Uwar ta rasa amsa, ta shiga ɗaki ta share hawaye, daga ranar ta fara tunanin wanda za ta ci bashinsa. Kun ga alheri yana yaɗuwa gida-gida.

A nan kam zuciyata ba ta bari in ci gaba da yabo kai tsaye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, saboda rashin abinci mai gina jiki. A 2023 mashaƙo ya kashe yara a jihar nan fiye da kowace jiha a Najeriya, cutar da allurar rigakafi ta kyauta ke karewa. A 2024 gwamnatin jihar da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Shekarar farko da ta biyu na rayuwar yaro su ne lokacin da ƙwaƙwalwarsa da ƙashinsa ke ginuwa, abin da ya rasa a lokacin da wuya ya dawo. Ƙwai ɗaya a rana, ɗan kifi, wake, gyaɗa a kunu, ganyen zogale, gidan sauro da ba ya yage: kuɗin kek guda zai ɗauki wannan wata da watanni. Na san gidan da aka yi bikin cika shekara da mai kiɗa, yaron bai karɓi allurar ƙyanda ta wata tara ba, ba shi da takardar haihuwa, kuma da zazzaɓi ya kama shi bayan 'yan makonni sai da aka zaga dangi kafin a haɗa kuɗin ƙarin jini. Ƙawayen da suka yi anko ba ko ɗaya a bakin gadon asibiti. Kakarsa ce a wurin, wadda ba ta san ranar haihuwarta ba.

Za a ce mini, "Kuɗinmu ne, ina ruwanka?" Gaskiya ne, naku ne, har da wanda za ku biya Alhaji da kaka. Za a ce, "Farin cikin yaro muke so." Wannan ma gaskiya ne, ai mun ji irin farin cikin da ya yi har muryarsa ta dushe. Yaron da ya yi wayo, ɗan shekara shida ko bakwai, in uwarsa ta soya masa ƙwai da safe, ta ce yau ka ƙara shekara, ubansa ya dafa kansa ya yi masa addu'a ya miƙa masa sabon allo ko ƙwallo, zai yini yana tsalle. Amma wannan farin ciki ne mai arha, ba ya hawa waya, maƙwabta ba za su ji haushi ba. Ku bar shi ga waɗanda ba su waye ba.

Ku dai ku dage. Yara biyar gare ku, biki biyar ke nan a shekara, kuma tunda an yi wa babba ba a isa a hana ƙarami ba. Na bana mai hawa uku ne, na baɗi ba zai yiwu ya gaza haka ba, kada a ce kun karye. Maigida kuma ya shirya, don amarya ta riga ta leƙa sitatus ɗin uwargida ta gani. Nata ɗan wata biyu ya rage masa, ta ce hawa huɗu take so, kuma a ɗauko mai kiɗa daga birni. Akwai sauran gonar fadama da aka gada a bakin rafi, an ce Alhaji ya daɗe yana tambayarta.