Jinjina ga Jif 'Yar Baljiyam, Uwar Kanikawa

Duk wanda ya bar Na'ibawa ya miƙa titin Zariya zuwa Kura ya san mazauninki. Kina gefen kwalta cikin 'yan'uwanki, an wanke ki tas, tayoyinki na sheƙi, an lulluɓe kujerunki da leda. Ranki ya daɗe jif, 'yar Baljiyam, jikar Kwatano! Ya kamata a ce wani daga nan Kumbotso ya daɗe da tashi ya yaba miki, domin alherinki ya game karkara, amma waɗanda suka fi kowa ɗanɗana shi kunya ta rufe musu baki.

Zan fara da haƙurinki. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, manomin wannan yanki ya daina zaman jiran damina. Yana shiga ruwa da asuba cikin hunturu, ƙafafunsa su tsattsage, ya yi dashe, ya yi feshi, ya kwana a gona saboda ɓarayi. Duk tsawon wannan lokaci ba ki taɓa damun sa ba. Sai kwandunan tumatir sun tashi daga Kwanar Gafan, sai an auna shinkafa a Kura, kuɗi sun kwanta a aljihu, sannan kike sa a kira shi a waya a ce masa wata ta shigo, irin wadda ta dace da mutum kamarsa. Wace baƙuwa ce ta san lokacin zuwa irin haka?

Ga asali kuma. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo, Najeriya tana sahun gaba wajen karɓa. Da mahukuntan Holan suka duba waɗanda ke fita ta tasoshinsu, sai suka tarar yawancinsu shekarunsu 16 zuwa 20, kuma akasari ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi mai aiki. Wato a gidanku an sallame ki, mu ne muka shimfiɗa miki tabarma.

Wasu daga cikinku ma har wanka suka yi kafin su taho. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston na jihar Teksas, motoci dubu ɗaruruwa suka kwana cikin ruwa. Kamfanonin inshora suka biya masu su, suka kwashe gawarwakin zuwa gwanjo irin na Copart, inda mai saye daga kowace ƙasa ke iya tayawa ta intanet. A can ake sayar da wadda ruwa ya ci, da wadda ta yi karo gaba da gaba, da wadda ta wuntsila. Mai gyaran bodi da mai fenti su ne ke ƙarasa sauran aikin. Abin burgewa game da wadda ta sha ruwa shi ne kawaicinta. Ranar ciniki lafiya lau take tashi. Ruwan yana can cikin wayoyi da mahaɗansu da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa inji, yana cin su a hankali. Sai bayan watanni gilashi ya ƙi sauka, fitilu su riƙa kunna kansu, wata rana kuma ta mutu a tsakiyar titi da tirela a bayanta.

Wadda ta fito daga jihohin ƙanƙara gishiri ta sha, domin shi suke zubawa a titi don ƙanƙarar ta narke, shi kuwa ƙarfe yake ci daga ƙasa. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhu na kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar ƙashin mota a Tacoma da Tundra da Sequoia na wasu shekaru. Baturen da abin ya shafa an duba masa kyauta, an sake masa ƙashi sabo. Manomin Bunkure kuwa an karrama shi da baƙin fenti mai kauri da aka fesa a ƙarƙashi, don kada idonsa ya ga abin da zai ɓata masa rai.

Ke kaɗai ce halittar da ke komawa ƙuruciya idan ta ƙetare teku. Kin bar Amurka kin ci mil 250,000, kin iso Kano agogonki na nuna 90,000. Yaro mai kwamfuta ne ya yi miki wannan gata cikin mintuna. Mai saye kuma bai san ma mil ake ƙirgawa ba, kuma kowane mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi. Sitiyari ya sule, fedar birki ta cinye, kujerar direba ta lotsa, duk suna faɗin shekarunki na gaskiya, amma wa zai saurare su alhali ga dillali yana magana?

Allah ya ja zamanin dillali, mai bakin zuma. “Alhaji, wannan fas-bodi ce, ko ƙwarzane babu. Wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai kasuwa. Inji ba a taɓa buɗe shi ba. Mai kawai za ka zuba ka kama hanya.” In ka yi jim, sai ya haɗa da rantsuwa, ya ƙara da cewa wani daga Zariya yana hanya da kuɗi a hannu. Tsofaffin matan Turawan nan sun yi mana ƙoƙari, kusan kowace jif da ke Kano daga hannunsu ta fito. Shi dillali la'adarsa tana fita ranar da aka biya, daga wajen mai sayarwa, wani lokaci har da mai saye, kuma daga wannan rana wayarsa ba ta cika shiga ba.

Sai kunyarki. Masu ƙera ki sun sa miki fitila a gaban direba don ki yi ƙara idan ciwo ya kama ki. An cire ƙwan fitilar, ko an liƙe ta da baƙin salatif daga ciki, kin zama mai haƙuri da ba ta kai ƙara. Jakar iskar da ke tare ƙirjin direba ranar hatsari ta riga ta fashe tun a can, an ɗinke murfin an shafe. In kuma tana nan, wataƙila ta kamfanin Takata ce, wadda aka yi wa kiranye kusan miliyan 67 a Amurka saboda sinadarin cikinta yana lalacewa da zafi da laima, ya tarwatse ya watsa wa mutum ɓaraguzan ƙarfe a fuska. Kamfanin ya durƙushe a 2017. A can kyauta ake sakewa, amma wasiƙar kiranyen adireshin wani gida take zuwa a Amurka, ba ta san hanyar Panshekara ba. Zafi kuwa, watan Afrilu a Kano ba ya rowar sa.

Inda babu mai ja da ke shi ne kyauta. Gidaje nawa kike ciyarwa! Bakanike, mai wayarin, mai walda, mai janwe, da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa da ke sayar da gaɓoɓin 'yan'uwanki da suka riga ki, kowa yana da rabo a jikinki. Kowace a cikinku kuma da irin sadakarta. Nissan Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 an san ta da lagireton da ke tsagewa daga ciki, ruwa ya gauraya da man giya, giya ta mutu. Lexus RX300 da Highlander ta farko, idan aka yi sakaci da juyen baƙin mai, sai ya daskare ya toshe hanyoyin inji, lamarin da ya kai Toyota ga wani sulhun a 2007. Range Rover ta kwana a tsaye ta wayi gari a durƙushe saboda iskar ƙafafunta ta zurare.

Ba na ɗora wa kanikawanmu laifin duka. Da yawansu a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, motar da ake jin ciwonta da kunne a gyara ta da sifana a gindin bishiya. Yau an kawo musu mota mai kwamfutoci a ciki, ba na'ura, ba littafi, ba wanda ya koya musu. Sai su yi abin da suka iya. Ta yi zafi, a cire abin da ke daidaita zafin ruwa a jona fanka kai tsaye. Ta rage gudu, a fasa salansa a zare abin da suke kira indomi, wanda ke tace hayaƙi, a sayar da shi. Ƙafafun baya sun fara kuka, a kwance furofela a jefa a but. Kowane gyara yana haifar da na gaba, mai mota yana biya.

Wannan na furofela shi ya fi ƙona mini rai, domin manomin nan ba don alfahari kaɗai ya saye ki ba. Ya san hanyoyin gefen kanal idan damina ta kankama. Ya san daren da naƙuda ke tasar wa mace, ruwa na zuba, babur ba ya ɗaukar ta, asibiti kuma sai Kura ko cikin birni. Ya yi lissafin cewa mota mai tsayi mai ja da ƙafa huɗu za ta fid da shi. Ashe biyu kawai ke ja, tun kafin ki zo hannunsa. A wannan daren kike nuna cikakkiyar natsuwarki, ki zauna cikin taɓo ki ƙi motsi, har sai matasan ƙauye sun fito da fitilun waya.

Tsayin naki ma da ake so, shi ne ke sa ki saurin wuntsilawa, musamman idan an ɗora buhunan shinkafa a sama aka ɗauki kwana da gudu. Tayoyin da kika zo da su, zanensu da saura, amma lambobi huɗun da ke gefensu, masu nuna mako da shekarar ƙira, sun ce robar ta tsufa ta bushe. Kwaltar titin Zariya da rana tsaka ita ce ke yanke musu hukunci.

Ci kuwa, ba ki da ƙyashi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Aka cire tallafi, a 2024 ta haura naira 1,000. A lokacin, tankinki mai lita 70 ya koma cin abin da ya haura naira 70,000 a zama ɗaya. Wannan kuɗin taki ne, kuma man nan shi ne injin ban-ruwa ke jira.

Takardunki ma abin sha'awa ne. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina isowa ba, da takardun kwastan da ba kowanne ne ke jure bincike ba. Wasu kuma masu su na can Kanada suna neman su. A 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano a Najeriya. Wanda aka tsayar a hanya aka karɓe wa mota, shi ne wanda ya biya da gumin tumatir.

Daga nan sai lissafin gida. An sayar da injin ban-ruwa an saya miki giya. An jinginar da kadada an saya miki inji. Lokacin dashe ya zo babu kuɗin ƙwadago, kuɗin makarantar yara ya koma sai wani zangon. Mutumin da aka yi wa barka a ƙofar masallaci, aka ce Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, ba zai iya dawowa wannan ƙofar ya ce an cuce shi ba. Sai ya yi shiru, ya kai ki a ɗan lallaɓa, a zuba baƙin mai mai kauri don ƙarar inji ta kwanta, a wanke ki, ya ɗora galan a kanki. Wanda aka zalunta jiya ya koyi maganar dillali, yana neman maƙwabcinsa. Wannan ita ce babbar karamarki, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, domin duk wanda ya zauna a zauren malam ya ji labarin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi kan ɓoye jiƙaƙƙen. Ya kuma ji a babin ciniki cewa ɓoye aibi haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya. Muna kiyaye wannan a kan buhun shinkafa, mu buɗe mu duba ƙasansa. A kan mota ta miliyoyi sai mu yi cinikin biri a sama.

Saura in gargaɗe ki game da maƙiyanki, ranki ya daɗe, don sun fara yawa. Akwai wanda ke kwafe lambar nan mai harufa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba, ya ba ɗansa ya bincika a intanet, sai ga hotonki a filin gwanjo, gabanki a rugurguje, ga ainihin mil ɗin da kika ci. Akwai mai zuwa da sassafe ya ce a tayar da ke a sanyi, kafin a ɗumama ki, yana kallon launin hayaƙi. Yana murza makulli ya tsaya ya ga ko duk fitilun gaban direba sun kama sannan sun mutu. Yana ɗaga kafet yana neman busasshiyar laka, yana leƙa kusoshin kujera ko sun yi tsatsa, yana tambayar dalilin wannan turare haka. Ya zo da bakanikensa, wanda shi ya biya shi kuma bai san dillali ba, a jona miki na'ura, a hau da ke kan rami a ƙwanƙwasa ƙashinki da guduma. Ya ce sai an tuƙa ki zuwa Kura an dawo cikin rana da na'urar sanyi a kunne, sai an kai takardu ofishin kwastan an tantance, sai an rubuta sharaɗin mayarwa a gaban shaidu.

Mafi sharrinsu shi ne wanda, da aka hana shi ɗaya daga cikin waɗannan, bai yi gardama ba. Ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya hau babur ɗinsa ya nufi Bunkure da kuɗinsa. Kafin ya kai gadar Tamburawa dillali ya kira shi ya rage farashi, ya ce kuma mutumin Zariyan ya fasa zuwa.