Ɗan Ingila Ba Ya Jin Sanyi

A Manchester, idan Disamba ta kama, kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba. Da aka ba mu hutun Kirsimeti sai na ce gida zan gudu in sha rana. Na bar jibgegiyar rigar sanyina rataye a bayan ƙofa, na cika jaka da shadda, sai Gusau.

Ashe wani hoto ya riga ni isa. Na taɓa tura shi ta WhatsApp, ina tsaye cikin dusar ƙanƙara ina washe baki, ya kuwa zaga dangi kaf. Daren farko ƙanwata ta ɗauko mini bargo, Inna ta tare ta a tsakar gida: "Wanga da ka kwana cikin ƙanƙara, mi za shi yi da bargo? Kai ma Baba shi ƙara." Aka sauke ni a ɗakin da tagarsa ba ta rufuwa, wai don in sha iska.

Sanyin Turai yana da kunya, a bakin ƙofa yake tsayawa, don ciki akwai na'urar ɗumama ɗaki. Hunturu kuwa tun daga Sahara ya taso da ƙurarsa, kuma gidajenmu don zafin bazara aka gina su: siminti a ƙasa, kwano a sama. Wajen ƙarfe uku na dare na lulluɓa da dardumar salla, na zura ƙafafu cikin jakar tafiya. Da asuba kowa aka zuba masa ruwan zafi a buta, ni aka ɗebo mini na randa. Girmamawa ce.

Muka tafi Tsafe gaida Kawu. Hazo ya shafe dutsen Kwatarkwashi, duk girmansa ko alamarsa ban gani ba. Na tarar da dattawa sun kewaye kaskon wuta, ina matsawa Kawu ya daka wa yara tsawa: "Ku kai mai tabarma inuwa, kar zahi shi dame shi!" Daga can nake ba su labarin ƙanƙara, haƙora na kaɗawa, leɓe ya tsage. Wani tsoho ya ce haka Turawa ke magana.

A Bungudu, gidan Gwaggo, lemo mai ƙanƙara aka aika aka sayo mini musamman, saura na kurɓar kunun tsamiya yana tururi.

Na sulale kasuwar Gusau wajen 'yan gwanjo, na ce wani abokina zan saya wa. Mai kayan ya dubi hancina da ke zuba, ya zaro wata ƙatuwar riga, ya ninka kuɗi.

"Alhaji, wagga ba ta ragi. Daga Ingila taz zo."