Dokina Na Ƙarfe Da Tafiyar Dapaong

Duk wanda ya taɓa kallon bikin Gadawo-Adosa a Sokode ya san mutanen garin nan ba sa wasa da doki. Kotokoli su fito cikin rawuna, dawakai na taka rawa, matasa na goga wuƙa a jiki ba ta kama su. A irin wannan gari in za ka ƙera dabba, ai doki za ka ƙera. Shawarar da na yanke ke nan ranar da na ga aikin Dotun Popoola a waya, Bayeraben nan na Najeriya da ke harhaɗa tsofaffin ƙarafa ya fitar da dabba sai dai ba ta numfashi. Kayan babur nake sayarwa a Zango, bayan shagona kuwa tsibi ne na matattun sarƙoƙi da filogi da salansa da 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, suka watsar. Na ce da me ya fi ni?

Mai waldar layinmu ya karɓi aikin da bugun ƙirji. Wai uwarsa 'yar Basar ce, inda aka shekara ɗaruruwa ana narka tama, har yau tsofaffin matoyan ƙasa na tsaye a Banjeli, don haka ƙarfe a jininsa yake. Tankin mai ya zama ciki, salansa ta zama wuya, shokozoba huɗu suka zama ƙafafu, sarƙa ta zama geza da wutsiya. Kai ne ya gagara. Yayana ya bar babur ɗinsa a shagona ya tafi Lome saro kaya, sai na ari fitilar gaba da madubai biyu, suka zama fuska da kunnuwa. Aro ne, kuma har gobe aro nake kiransa.

Ranar da muka yaye buhun da muka rufe shi, Inna ce ta fara magana. "Kai yaron nan, wannan kurar fa a ƙofar wa za ka ajiye ta?" Yaran unguwa suka raɗa masa Jakin Baba. Can sai ga limamin masallacinmu, an kai masa labarin wai na sassaƙa gunki a tsakiyar Zango. Ya zagaya shi da carbi a hannu, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, akwai laifi?"

"Malamai sun yi magana ne a kan surar abin da ke da rai," in ji shi. "Wannan kuwa bai yi kama da komai cikin halittun Allah ba. Ci gaba da sana'arka."

Jama'a suka yi ta dariya, ni kuwa fatawa na samu kyauta.

Ɗan ƙanen babana da ke kasuwanci a Dapaong ya bugo, wai wani mai masaukin baƙi na neman dabbar ƙarfe ya kafa a ƙofa. Tafiyar ta kusa kilomita 300 a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ƙare a Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso. A tasha yaron mota ya ce dabba kuɗinta daban. Na ce ƙarfe ne. Ya ce to ƙarfe ma kuɗinsa daban, kuma ya fi na dabba. Aka ɗaure shi a saman mota tsakanin buhunan doya. Muka wuce tsagaggen dutsen Alejo, muka wuce Bafilo da Kara, kowane rami sai na ji shokozoba na amsawa a bisa kaina. A Kante muka tsaya salla, na ɗaga tamfol muka haɗa ido da fitila, lafiya lau.

Tun watan Yunin 2022 yankin Saban, inda muka dosa, ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda 'yan bindiga da ke tsallakowa daga arewa, shingaye kuwa ba a wasa da su. Bayan Mango wani soja ya hau ya ɗaga tamfol, ya ga tankin mai da wayoyi na reto. Kafin ya buɗe baki fasinjoji sun watse kamar an jefa dutse cikin zabi. Aka ce mai kayan ya fito.

"Mene ne wannan?"

"Doki ne, ranka ya daɗe."

Ya dube shi, ya dube ni. "Ina kan?"

A bakin soja na fara jin labarin.

Mai masaukin ya yi mini adalci, bai yi dariya ba. Ya ce shi dama zabo yake so, tunda ƙasarsu ta zabi ce, amma in na yarda a cire ƙafa biyu a ƙara baki, za mu daidaita. Na ce ko fille kan doki aka yi, bai zama abokin kaji ba. Ƙarshe wurin 'yan gwangwan muka nufa, su kaɗai ne duk faɗin Togo ba su tambaye ni wace dabba ce ba. Suka ɗora a sikeli, suka ƙirga mini kuɗin da ya kai ni Kara, sauran hanyar ɗan'uwana ya cika.

Yaya ya dawo, yanzu da tocila a baki yake tuƙin dare. Duk wanda ya tsinci fitilar babur da madubai biyu manne da ita tsakanin Kante da Mango, don Allah ya kawo Zangon Sokode, akwai goro.