Masu Haƙa Rijiya da Baki

Rijiyar burtsatse da kuɗin da ya shigo hannu ake haƙa ta, amma rabin masu zuwa taron ƙaddamar da asusun ruwan ƙauye da baki suke haƙa. Jagoransu shi ne Alhaji babban mai ƙaddamarwa. Sai la'asar sakaliya yake isowa taron da aka kira ƙarfe goma, babbar riga na ƙara saboda sitaci. Ya karɓi makirfo, ya tuna wa jama'a yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, har ya share ƙwalla. Sannan ya ce, "Ni da iyalina, miliyan biyar!" Maroƙi ya tsuge da kirari, mata su rangaɗa guɗa, sakatare ya rubuta hannu na rawa. Daga ranar kuma sai kwamiti ya koma zaman benci a ƙofar gidansa. Yau Alhaji na barci, gobe ya tafi Umara, jibi "a dawo bayan Sallah", ba tare da an faɗi wace Sallar ba.

Sauran ba su da wuyar ganewa. Akwai mai neman rasit alhali bai ba da ko sisi ba. Akwai ɗan zauren WhatsApp da gudunmawarsa "Allah Ya ba da lada" ce, da hoton tafi guda uku. Akwai mai ba da naira dubu ya ɗauki hoto ashirin. Mu masu ba da gudunmawa da biro, a bar mu a rufe.

Za a ce ai alƙawarin Alhaji ne ke zaburar da ƙananan masu bayarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai kwamiti da jimillar alƙawari yake yin ciniki da mai injin haƙa. In kuɗi ya yanke, inji ya naɗe bututunsa tun bai taɓa ruwa ba, a bar wa gari ramin da akuya za ta faɗa.

Duk waɗannan ana iya yi musu dariya. Wanda ba ya ba ni dariya shi ne mai allo, wanda ke kafa famfon tuƙa-tuƙa dab da zaɓe, ya manna sunansa da manyan haruffa, ya yanka ƙyalle ya tafi. Ba asusun gyara, ba wanda aka koya wa sauya roba. Ranar da famfo ya fara tsotsar iska, 'yan mata su koma kududdufi da jarka mai lita 25 a ka, amai da gudawa kuma ya biyo damina. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu, cutar da irin wannan ruwan ke ba mutane, kuma har yanzu akwai dattawa masu tabonta a ƙafa.

In an gayyace ku ƙaddamarwa ta gaba, kafin ku tafa wa kowa ku tambayi wa zai riƙe kuɗin gyara, kuma wa ke da sifana.