Yadda Za Ka Zana Alƙaluman Ciniki Ba Mai Ganewa Sai Kai

Idan aka ɗora maka bayanin cinikin kamfani a gaban taro, kuma kana so ka sauka lafiya babu mai tsare ka da tambaya, dabarar ba ta da wuya: ka yi zane ɗaya ka nuna wa kowa. Shugaban kamfani da akanta da masu hannun jari da yaran talla, duk ka ɗinka musu riga ɗaya, wanda ta yi wa yawa ya naɗe, wanda ta matse ya yi haƙuri. Shugaba minti biyar gare shi, so yake ya san ko riba ta hau ko ta sauka, sai ka jibga masa layuka goma sha biyu a harɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Akanta kuwa, mai bin kwabo har raminsa, ka ba shi da'ira mai yanka uku babu lamba ko ɗaya.

Da'irar nan ka riƙe ta da kyau. William Playfair, ɗan ƙasar Sikotland da ya fito da zanen sanduna a 1786, shi ne ya ƙago ta a 1801, bai san irin rufin asirin da ya bar wa ma'aikatan ofis ba. A 1984 masu bincike Cleveland da McGill sun nuna cewa ido ya fi iya gwada tsawon sanduna a kan faɗin kusurwa. Ke nan sanduna tonon asiri ne. Ka yanka da'irarka gida ashirin kamar kankanar da za a raba wa unguwa, ka karkata ta a Excel yadda yankan gaba zai yi ƙiba ko da ramamme ne. Riba ka sa mata kore, asara ja, domin akwai maza da dama da idonsu ba ya rarrabe launukan biyu. A cikin mazan Turawa kusan ɗaya ne cikin goma sha biyu.

Kada ka kuskura ka bi sawun ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale. Ta san manyan Ingila ba za su zauna karanta tarin lambobi ba, sai a 1858 ta yi musu zanen da ya nuna ƙarara cewa cututtuka sun fi raunin fagen fama kashe sojojinsu a yaƙin Kirimiya. Mutane suka gane, aka taso hukumomin soja a gaba kan tsaftar barikoki da asibitoci. Wanda aka gane zancensa aiki ya ja wa kansa.

Wani zai ce ai zane ɗayan shi ne adalci, tunda gaskiya ɗaya ce, sauya mata kama saboda mai kallo kuma fuska biyu ne. Hujjar tana da daɗin ji, ka ma riƙa kafa ta a taro, amma tsakaninmu ba ta da ƙafa. Matar da ta dama wa jariri kunu ta tuƙa wa maigida tuwo daga gero ɗaya ba ta ha'inci kowa ba. Ha'incin wani wuri yake, wanda marubuci Darrell Huff ya fallasa tun 1954: a datse gindin sanduna su daina farawa daga sifili, sai ƙarin kashi biyu cikin ɗari ya tashi kamar Dutsen Dala. Wannan ana iya yi wa mutum ɗaya, ana iya yi wa dubu da zane guda. Masu cewa yi wa kowa nasa zane cin lokaci ne sun fi gaskiya, sai dai lokacin da ka yi tsiminsa, mutum ashirin ne za su biya shi suna ƙifta ido a gaban majigi. Lokacinsu ne dai, ba naka ba. Idan duk da haka wani ya ɗaga hannu, ka ce za ka tura masa cikakken bayani ta imel, ka danna shafi na gaba.