Lakadan Ba Ajalan Ba

A watan Fabrairun 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa mai miliyan a banki yake lallashin mai POS a kan dubu 2, aka naɗa ni wakilin ango. Ƙanin maiɗakina ne zai yi aure a wani ƙauye gaba da Illela, dab da iyakar Nijar. Takardar kuɗi kuwa ko ta magani babu. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, sadaki naira dubu 100 ne, zan tura ta waya a gaban shaidu.

Abin da ya ba ni wannan ƙarfin hali layukana ne, biyu a babbar waya, ɗaya a 'yar ƙarama mai tocila. Kuma ni ba baƙon harkar ba ne. Ina nan a 2001 da MTN da Econet suka fara, lokacin da kuɗin layi kaɗai zai saya maka rago. Ina nan a 2003 da Glo ta kawo lissafin daƙiƙa, muka daina jan gaisuwa don cike minti. Wanda ya ga wannan duka, wane ƙauye ne zai ba shi tsoro?

Muna sauka daga kwalta sabis ya fara zubewa. Kafin mu kai ƙofar masallaci layukan nan uku sun yi ittifaƙi, abin da ba su taɓa yi ba a Kano: sai kiran gaggawa kawai.

An shimfiɗa tabarmi, ga goro ga dabino. Liman ya tambayi sadaki, na faɗa. Ya ce, "Lakadan ko ajalan?" Na gyara hannun babbar riga na ce, "Allah gafarta Malam, lakadan." Na zaro waya. Na danna, ta yi ta juyi. Na ɗaga ta sama, na karkata ta, na kashe na kunna. Baffan amarya, wanda shi ne waliyyi, ya bar ni na gama duka sannan ya ce, "Alhaji, nan ba a waya. Sai ka tafi ofis."

Aka haɗa ni da wani yaro. A hanya ya ba ni darasin da babu shi a taswirar kowane kamfani. Kira yana shiga a bakin rijiya, amma da sassafe. Saƙo yana fita a kan shurin da ke bayan firamare. Harkar banki kuwa sai ofis, wato wata tsohuwar tsamiya, reshe na biyu. Yaran garin suna hawa da wayar mutum a kan naira 50. Na tuna sai na ba shi lambar sirrina, na ce a'a, da kaina zan hau. Ya dubi shaddata, ya dubi tumbina, ya ce, "To, Alhaji."

Yadda na hau ba sai na faɗa ba, akwai masu hotonsa. Ina kaiwa reshen wayar ta yi ƙara, sabis ya cika maƙil. Na yi hamdala na buɗe saƙo, sai ga Faransanci ana yi mini maraba da zuwa Nijar. Ashe ƙarfen sabis na Birnin Konni ya fi namu kusa da tsamiyar, kuma shi ba ya tsayawa a shingen kwastan. Ni da ban taɓa buga fasfo ba, ga ni a ƙasar waje a kan reshe, katina yana narkewa da kuɗin baƙunta. Mutanen garin sun daɗe da sanin haka. Tun Satumbar 2021, da aka katse sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, masu layin +227 suka yawaita a ƙauyukan bakin iyaka, har ma akwai masu cewa shi ne na gida.

"Juya kudu, Alhaji!" in ji yaron. "Ba Konni baya!"

Na juya, na rungume reshe da hannu ɗaya. Sabis ɗin gida ya leƙo, ɗigo ɗaya tal. Na fara danna lambobi a hankali, na kai wurin lambar sirri, sai kiran maiɗakina ya shigo ya share komai. "An ɗaura? Wai kana ina nake jin kukan kurciya?" Na ce ina ofis.

Daga ƙarshe saƙon banki ya zo, an cire dubu 100. Na yi shelar nasara daga sama. Lokacin duka taron ya baro masallaci ya dawo gindin tsamiya, har da liman. Baffa ya duba wayarsa ya ce bai ga komai ba. To ina zai gani yana ƙasa? Aka kawo guga, aka saka wayarsa ciki, na jawo. Na riƙe ta ina fuskantar kudu, cinnaku suna zagaye cikin wandona, ita kuwa shiru.

Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai a karatunsa ya san lakadan, ya san ajalan, amma kuɗin da ya bar hannun mai biya bai isa hannun mai karɓa ba, bai taɓa cin karo da babinsa ba. Baffa ya ce a gidansu ba a taɓa aurar da 'ya bashi ba. Ga azahar ta gabato, ga tuwo yana hucewa.

Wani ɗan canji ne ya raba gardamar. Ya ce yana da sefa, wadda a makonnin nan ta fi naira tafiya a kasuwannin iyaka, zai ƙirga wa Baffa daidai da dubu 100 in zan bar jingina. Aka sauko da ni, rabin aikin rigar ya zauna a reshe. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an biya lakadan ba ajalan ba, da kuɗin Nijar.

Na miƙa wa ɗan canjin babbar wayata. Ya juya ta, ya yaba, sannan ya ciro tsinke ya zare layukan biyu ya zuba mini a tafin hannu.

"Riƙe waɗannan, Alhaji," ya ce. "Jingina sai da abu mai amfani."