Tsakanin Kano da Jidda, da Tsakanin Zaure da Mota

Masana taswira, waɗanda Allah ya hore wa haƙurin auna ƙasa, sun tabbatar da cewa masafar da ke tsakanin birnin Kano da Jidda, idan an miƙe ta sararin samaniya ba a ratse ba, ta kai kimanin kilomita 3,400, wadda jirgi kan cinye cikin sa'a biyar ko ƙasa da haka. Alhali kuwa kakanninmu, da suka bi ta Abeshe da Fashir har suka haye Bahar Maliya daga Sawakin, sukan shekara da shekaru a hanya, a tsaya a yi noma a Sudan, a yi aure, mutum ya bar gida da ƙuruciya ya hau Arfa da furfura.

Tun 1925 da jirgin sama ya fara sauka a Kano muka fahimci ana nufin raba mu da wannan wahala mai daraja, mu kuwa ba mu yarda ba, saboda haka duk abin da inji ya rage mana a sama sai muka mayar da shi a ƙasa. Maniyyaci yakan soma sallama tun da sauran wata guda, yana bin dangi gida-gida yana neman gafara, kowace gwaggo kuma, bayan ta yafe masa duniya da lahira tana hawaye, sai ta biyo shi zaure da sautun darduma da tazbaha da dabino da tozali, ba tare da ta ambaci kuɗi ba, domin ambaton kuɗi ga baƙon Allah rashin ladabi ne. Sannan ga guzuri: yaji, kilishi, dambun nama, garin kunu, kai ka ce ba a taɓa hura wuta a ƙasar Hijaz ba. Mota uku ta 'yan rakiya takan bi fasinja ɗaya.

Fuƙaha'un Malikiyya sun ƙayyade masafar ƙasaru da baridi huɗu, wato mil 48, ko tafiyar yini biyu. Ni dai almajiri ne, ba ni da ikon fatawa, amma nakan yi waswasi game da hukuncin wanda ya kwana uku tsakanin turakarsa da ƙofar mota.

Dawowa ita ce babbar aya. Maƙwabcina ya sauka da haƙorin Makka, wanda ya sa yanzu kowace magana takan ba shi dariya ko da ta ta'aziyya ce, da "yalla" da "shukran" waɗanda yake jifan mai shayi da su, da kuma agogon da ya rantse ba zai juya shi daga lokacin Harami ba. Agogon nan yana gaban namu da sa'a biyu cur, shekara uku ke nan, amma har yau Alhaji bai taɓa isa wurin ɗaurin aure ba sai an shafa fatiha ana rabon goro.